Malamin Makaranta a Ƙasar Noma: Nagartarsa da Abin da Ɗalibai Suka Gani a Funtuwa da Malumfashi



1. Gabatarwa

Batun wannan lacca shi ne malamin makaranta, musamman na firamare da na farkon sakandare, da kuma irin zaman da ɗalibai suka yi da shi a kudancin Jihar Katsina, watau ƙasar da ta taso daga Malumfashi da Ƙafur, ta biyo ta Bakori da Ɗanja, ta kai Funtuwa da Ɗandume da Sabuwa da Faskari. Wannan yanki kowa ya san shi da noma. Auduga ce ta fara fito da sunansa, ga injinan gurzarta a Funtuwa da Malumfashi, ga hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Daga baya masara ta zo ta zauna kusa da dawa, har kasuwannin hatsi irin ta Ɗandume suka zama wuraren da fatake ke tasowa daga nesa su zo awo.

Da gangan aka zaɓi wannan yanki. Manomi ba ya yarda da iri saboda kyawun buhun da aka zuba shi a ciki, sai ya shuka, ya ga tsiro, ya kuma ga abin da ya shiga rumbu da kaka. Abin mamaki shi ne, mutanen da ba a iya ruɗinsu a kan iri ko taki sun shekara da shekaru suna tura 'ya'yansu gaban malaman da ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke fita daga hannunsu. Abin da laccar ke son tabbatarwa guda ɗaya ne, watau nagartar malami aba ce da ake rainonta kamar yadda ake rainon shuka, kuma ma'auninta na gaskiya shi ne abin da ɗalibi ya iya bayan ya tashi daga gabansa. Takardar shaida tana da amfaninta, amma matsayin buhu take da shi a wannan misali.

2. Malaman farko

Tun kafin zuwan boko yaron wannan ƙasa ya san malami, a makarantar allo. Malamin allo ya san kowane almajiri da sunansa da gidan da ya fito da inda karatunsa ya tsaya. Yaro ba ya wanke allo sai ya biya, malam ya ji da kunnensa. Iyaye na ba da kuɗin Laraba, da kaka kuma a kai damin dawa, sa'an nan idan yaro ya shekara bai motsa ba ubansa zai gane, domin shi ma hanyar ya biyo. Akwai dorina, akwai wahala, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Duk da haka akwai abubuwa biyu a wannan tsari da suka cancanci a riƙe su a zuciya har ƙarshen wannan lacca: malam yana zaune cikin jama'ar da yake koyar da 'ya'yanta, kuma ba a ciyar da yaro gaba sai an ji karatunsa.

Da Turawa suka zo da nasu ilmin, su ma da malami suka fara. Makarantar da Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta haɗa da ajin horar da malamai. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, wadda babbar manufarta ita ce fitar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, daga can kuma Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Yara kaɗan ake ɗauka, a tsare su shekaru ana horo, ana gyara musu lafazi da rubutu da lissafi har da yadda za su tsaya gaban aji. Abubakar Tafawa Ɓalewa daga nan ya fita ya koyar a Midil ta Bauci, Ahmadu Bello a Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam kuwa yana malami a Midil ta Katsina ne ya rubuta littafinsa na farko domin gasar 1933. Shehu Shagari malami ne kafin ya shiga siyasa, haka Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948.

To, amma kada a ɗauki wannan zamani fiye da yadda yake. Makarantun kaɗan ne ƙwarai, elementare ɗaya kan ishi gunduma guda, kuma sau da yawa dagaci ne ke kamo yara da ƙarfi, iyaye na ɓoye su a rumbu ko su tura su dangi a wani ƙauye. 'Ya'ya mata kuwa sai ɗai-ɗai. Nagartar malaman wancan lokaci ta samu ne domin an zaɓe su da kyau, an daɗe ana horar da su, En'e na biyansu a kan kari, kuma mai duba makarantu na iya faɗowa ba sanarwa ya zauna a bayan aji ya buɗe littattafan yara. Tambayar da ta rage wa na baya ita ce yadda za a ba yara dubbai irin abin da aka ba yara goma.

3. Shekarar 1976 da abin da ya biyo bayanta

An gwada amsa wannan tambaya a watan Satumba na 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tsammanin yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a duk ƙasa, sai ga kusan miliyan 3. A lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba suka wayi gari da azuzuwa biyu masu rufin kwano, wasu ma a gindin bishiya aka fara. Wannan alheri ne babba, kuma da yawa daga cikin malaman jami'a da likitoci da ma'aikatan da suka fito daga wannan yanki ba don shi ba da ba su taɓa riƙe fensir ba.

Sai dai aji ana gina shi cikin wata uku, malami kuwa ba ya nuna cikin wata uku. Aka faɗaɗa kwalejojin horon malamai cikin gaggawa, aka gajarta wasu kwasa-kwasai, aka ɗauki waɗanda suka faɗi jarrabawar takardar malanta mai daraja ta biyu, har da waɗanda iyakarsu firamare, aka ba su alli aka ce su riƙe kafin a samu ƙwararru. A wannan shekara ta 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ta riƙa ɗaga ilmin irin waɗannan malamai suna bakin aikinsu. Dabarar ba ta da laifi, da a ce kuɗi ya ɗore. Amma da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, malaman firamare a jihohi da dama suka riƙa yin watanni ba albashi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya karya darajar ɗan abin da ake biya. A 1988 aka kafa hukumar kula da ilmin firamare ta ƙasa, albashi ya ɗan daidaita, a 1991 aka rushe ta aka ɗora nauyin a kan ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake kafa ta. Malami ya zama kamar ɗan riƙo, kowa na tura shi gidan wani.

A ƙasar noma sakamakon wannan a fili yake. A daidai shekarun da albashin malami ke lalacewa, a lokacin ne noman masara ya fara kawo kuɗi, bayan shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 zuwa 1980. Malami ya dubi maƙwabcinsa wanda ko aji uku bai kai ba, ya ga ya sayi babur da kuɗin masara, shi kuwa yana bin bashi a kantin unguwa. Ba sai an yi masa huɗuba ba, shi ma ya nemi gona, wani ya shiga awon hatsi ranar kasuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya fi hazaƙa ya bar aikin gaba ɗaya ya koma ƙaramar hukuma ko banki, yaron da ya fi ƙoƙari a sakandare kuwa ya daina ko tunanin shiga kwalejin ilmi, sai in sauran ƙofofi sun rufe.

4. Abin da ɗalibi ke gani daga kan benci

Shugaban taro, rahotannin gwamnati kan ƙidaya malamai da takardunsu, amma ɗalibi yana da tasa ƙidayar. Idan tsofaffin ɗalibai suka haɗu wurin biki ko zaman makoki a Bakori ko Malumfashi, hira ta gangaro kan makaranta, da wuya a ji wani ya ambaci takardar da malaminsa ke da ita. Abin da za a ji shi ne a hannun wane mutum ya iya haɗa baƙi, wane ne ya sa shi son lissafi, wane ne kuma ya sa ya tsani makaranta har ya gudu.

Akwai malamin da ake tunawa da addu'a. Shi ne wanda yake karɓar littattafan yara ya duba da jan biro, ya kira wanda ya faɗi ya nuna masa inda ya kauce. Da kaka, sa'ad da cirar auduga da karyar masara ke kwashe rabin aji, shi ne zai tako har ƙofar gida bayan la'asar ya roƙi uba ya bar yaro ya zo da safe, ya je gona da yamma. Irin wannan malami ya san cewa yaron da ke gyangyaɗi a aji wataƙila tun asuba yake ban-ruwa a fadama, saboda haka yakan tambaya kafin ya ɗaga bulala. Ba a rasa irinsa a kowane zamani ba, har a shekarun da ba albashi, kuma a kan wuyan irinsu ilmin wannan yanki ya rayu.

Akwai kuma malamin kwafa. Zai shigo ya cika allo da rubutu, ko ma ya miƙa wa monita tsohon littafinsa ya ce ya rubuta wa 'yan'uwansa, shi kuwa ya koma inuwa wurin hira. Yara su kwafe abin da ba su fahimta ba, su haddace shi ranar jarrabawa, su manta da shi kashegari. Akwai malamin tsoro, wanda bulala ce amsarsa ga kowace tambaya. Sau da yawa irin wannan ba mugunta ce ke damunsa ba, rashin sanin darasin ne, domin wanda bai san amsa ba ba ya son a tambaye shi. Yaron da aka doka sau biyu saboda ya yi tambaya ya koyi darasi guda wanda zai bi shi har jami'a, watau yin shiru. Akwai wanda ke kwasar aji ya kai gonarsa da sunan darasin noma. Akwai wanda sunansa ne kaɗai ke zuwa makaranta, a takardar albashi.

Ɗaliban sakandare na shekarun 1970 da farkon 1980 sun ga wani nau'in malamai dabam, su ne baƙi daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana, waɗanda suka riƙe darussan kimiyya da lissafi da Turanci, tare da masu yi wa ƙasa hidima da suka fara zuwa daga 1973. Da yawansu sun san aikinsu, ko da yake yaro kan yi zango guda kafin kunnensa ya saba da lafazinsu. Da tattalin arziki ya karye suka watse, korar baƙi ta 1983 ta tafi da 'yan Gana masu yawa, aka bar ɗakunan gwaje-gwaje da ba mai buɗe su. Wannan ya nuna cewa ba a yi tanadin magada ba sa'ad da ake da hali.

Ita kuwa yarinya a ƙauye nata ganin dabam ne. Sau da yawa takan gama firamare ba ta taɓa ganin mace na koyarwa ba, domin malamai mata sun taru a makarantun cikin gari inda mazansu ke aiki. Uban da ke shakkar barin 'yarsa da ta fara girma a hannun maza zalla yakan cire ta tun ba ta kai ko'ina ba, ita kuma ba ta ga wata mace da za ta nuna masa ta ce ga abin da take son zama ba.

5. Batun harshe

Babu inda raunin malami ke bayyana kamar wurin harshen koyarwa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke magana da shi, kafin a juya zuwa Turanci. A Funtuwa da Malumfashi wannan ba shi da wuyar aiwatarwa, domin malami da ɗalibi duk da Hausa suka tashi. Amma abin da ɗalibai da yawa suka gani akasin haka ne. Malami na karanto Turancin da shi kansa bai gama fahimta ba, yara na amsawa baki ɗaya kamar amshin waƙa, monita kuma na rubuta sunayen waɗanda suka yi Hausa a aji domin a hukunta su. Sai yaro ya kai aji shida ya tashi a tutar babu, Turancin bai samu ba, wasiƙar Hausa ma ba ya iya karanta wa kakarsa.

Abin takaicin shi ne rubutun Hausa na boko yana daga cikin masu sauƙin koyo, domin galibi yadda ake faɗar kalma haka ake rubuta ta. Shaida tana nan cikin tarihin wannan lardi. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina ya yi fice wajen jagorancinsa, magidanta manoma sun koyi karatu da rubutu cikin 'yan watanni a azuzuwan yamma, har suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da Himma, jaridar Lardin Katsina. Idan dattijo mai iyali ya iya cikin watanni, me zai sa yaro mai sabuwar ƙwaƙwalwa ya shekara shida bai iya ba? A ƙasar Yarbawa ma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi guda a hannun ƙwararru, ya nuna cewa yaran ba su koma baya a Turanci ba, sun kuma fi fahimtar sauran darussa.

Manufar gwamnati a kan wannan batu ta sha juyawa. A 2022 an amince a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare, a 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar janye wannan. Ko wace manufa ce ke ci, gaskiya ɗaya ba ta canzawa: koyar da yaro karatu sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma iya magana da Hausa bai mai da mutum malamin Hausa ba, kamar yadda cin tuwo bai mai da shi manomi ba.

6. Laifin wa?

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna, maƙwabciyar wannan yanki, ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, watau 75 cikin 100, ta kuma sallame su. An yi ta muhawara a kan yadda aka shirya jarrabawar da kuma adalcin korar, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki. Amma ko da an rage adadin da rabi, abin da ya saura ya isa ya hana mai tunani barci, kuma iyakar da ke tsakanin Giwa da Funtuwa ba katanga ba ce da za a ce abin ya tsaya a can.

Abin lura shi ne, malamin da ya kasa amsa tambayar 'yan aji huɗu shi ma ɗalibin wani ne. Ya zauna a ajin malamin kwafa, aka ciyar da shi gaba kowace shekara ba tare da an ji karatunsa ba. Ya ratsa sakandare, ya shiga kwalejin ilmi, malaman da suka yi digiri a jami'o'i irin wannan suka sa hannu a takardarsa. Daga nan wani mai faɗa a ji ya rubuta 'yar takarda aka ɗauke shi aiki. An rufe kwalejojin da ke ba da takarda mai daraja ta biyu, an ce takardar NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar malanta, an kafa majalisar rajistar malamai da dokar 1993, an ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a 1999, an ƙara shekarun ritayar malamai zuwa 65 da dokar 2022. Duk waɗannan sun taɓa takarda da tsari, kaɗan ne daga cikinsu suka shiga cikin aji. Saboda haka jami'a ba ta da bakin da za ta yi wa malamin ƙauye dariya.

A kan wannan kuma sai ga rashin tsaro. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. Hare-haren da ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka sha a waɗannan shekaru sun sa malamai da dama neman canjin wurin aiki zuwa gari, kuma ba mai zargin wanda ya gudu da ransa. Sai dai yaron da aka bari a ƙauye shi ne dama can ya fi kowa ƙarancin malami.

7. Darasi daga malamin gona

Mutanen wannan yanki sun san wani malami dabam, shi ne malamin gona. Masu shirin Funtuwa na 1975 sun gane cewa ba a miƙa wa manomi sabon iri a juya baya. Sai da aka buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da ƙauyuka, aka yi hanyoyi, aka tura malaman gona suna zagayawa, suna yin gonar gwaji a bakin hanya inda kowa zai gani da idonsa. An taɓa yi wa malamin makaranta irin wannan gata. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin inganta ilmin firamare a jihohin Arewa, da malamai masu zagayawa makaranta-makaranta suna nuna wa na aji yadda ake koyarwa. Tsakanin 2013 da 2019 wani shirin bunƙasa malamai da Birtaniya ta tallafa ya yi aiki a Katsina da Jigawa da Zamfara, haka kuma daga 2015 shirin RANA ya koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa a Katsina da Zamfara. Cikas ɗin irin waɗannan shirye-shirye shi ne suna da wa'adi, kuma da kuɗin baƙo aka ɗaura su. Daga wannan tarihi ana iya fitar da shawarwari biyar.

Na farko, a tace masu shiga kwalejojin ilmi, irin Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-ma da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, kuma kada a ba kowa takarda sai an gan shi ya koyar da yara na gaske, a ƙarƙashin gogaggen malami, na tsawon lokacin da zai isa a san shi.

Na biyu, aikin malami mai zagayawa ya zama na dindindin, cikin kasafin kuɗin jiha. Wanda ake bukata shi ne mai zama a bayan aji ya saurara, ya karɓi alli ya nuna, ya dawo bayan mako biyu ya ga ko an gyara. Mai zuwa ya sa hannu a rajista ya karɓi kaza ya tafi, an gan shi an gaji.

Na uku, a ɗauki 'yan ƙasa, maza da mata, a horar da su domin makarantun garuruwansu, a ba wanda ya yarda ya zauna ƙauye ƙarin alawus da muhalli, a kuma biya albashi ranar da aka ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai an ba da ladan tukuna ake da bakin neman askin.

Na huɗu, a mai da mafi ƙwarewar malamai aji ɗaya zuwa uku. Al'adar da ake bi ta tura sabon shiga ko mai rauni wurin ƙananan yara kuskure ce babba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, a dawo da ƙa'idar makarantar allo, watau a ji karatun yaro. A ƙarshen aji uku a ba kowane yaro ɗan gajeren labari da Hausa ya karanta a bayyane, da ɗan lissafi irin na kasuwa, a gaban hedimasta da wakilan iyaye da mai unguwa. Uban da bai yi boko ba zai iya gane ko ɗansa na karatu ko yana in-ina. Manoman da suka saba kai auduga fuloti a duba ta a ba ta daraja a gaban kowa ba za su ga baƙon abu a nan ba.

8. Kammalawa

Shugaban taro, an ga yadda aka fara da malamai kaɗan masu nagarta domin yara kaɗan, aka zo aka buɗe ƙofa ga kowa a 1976 ba tare da an raini isassun malamai ba, sa'an nan aka bar waɗanda aka samu cikin rashin albashi da rashin mai dubawa, har ɗalibansu suka girma suka gaje su da rauninsu. An kuma ga cewa duk da haka ba a taɓa rasa malaman kirki a wannan ƙasa ba, kuma ɗalibansu sun san su ɗaya bayan ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Cikin ɗaliban da ke wannan zaure akwai waɗanda nan da 'yan shekaru za su tsaya gaban aji a Ƙafur ko Ɗanja, akwai waɗanda za su riƙe ofisoshin da ke ɗaukar malamai da biyansu. Abin da ake roƙonsu shi ne su tuna da bencin da suka zauna a kai, da malamin da ya duba littafinsu, da wanda bai duba ba.

Allah ya saka wa malaman da suka yi aikinsu tsakani da Allah, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.